Yadda na kwashe karatun kakanmu daga kaset zuwa faifan CD

Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana tafsirin azumi a wani masallacin unguwa a Gangare, nan cikin Jos. Almajiransa ne suka riƙa ajiye rediyo mai kaset a gabansa suna ɗauka, tun a shekarun 1980. Bayan rasuwarsa kaset-kaset ɗin suka koma hannun Gwaggo, ta adana su a akwatin ƙarfe. Da dangi suka yanke shawarar a kwashe karatun kafin zaren ya lalace, ni aka ɗora wa aikin.

Matasan gidan sun so a zuba komai a memori kawai. Gwaggo ta ce ita dai a ba ta abin da za ta riƙe a hannu, ta sa a na'urar DVD ɗinta ta saurara bayan Asuba. Na goyi bayanta, domin yawancin dattawanmu abin da suke da shi ke nan, motocinsu ma na faifai ne. Kuma faifan CD-R, wanda sau ɗaya ake ɗauka a kansa, idan an rufe shi babu yaron da zai goge karatun ya sa wasa a madadinsa. Shi ya sa na nemi rikodar faifai, wadda ake haɗawa da na'urar kaset kai tsaye ba tare da kwamfuta ba.

Na samu ta hannu wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a kusa da Terminus. Kafin ya karɓi kuɗina sai ya juya bayanta ya nuna mini rubutun da ke kusa da wayar wuta.

"Karanta mini nan, ɗana."

"An sa 120, Baba."

"To daga Amurka ta fito. Wutarmu 230 ce. Ka cusa ta a soket haka nan, ko minti ɗaya ba za ta yi ba za ka ji ƙauri."

Ya haɗa ni da ƙaramar taransifoma mai sauke wuta, ya ɗaure filogin rikodar a jikinta da salatif domin kada wani a gida ya zare ya sa a bango. Na ga hikimar wannan ɗaurin daga baya, don gidanmu gidan yawa ne, kowa yana neman inda zai sa cajin waya. Kayan da suka fito daga Japan 100 suke ci, na Turai kuwa daidai suke da tamu. Duk wanda zai sayi na hannu ya fara da duba wannan rubutu.

Abu na biyu da Baba ya gaya mini shi ne faifan da zan nema. Rikodar gida irin tawa ba ta karɓar CD-R ɗin kwamfuta. Sai wanda aka rubuta Digital Audio a ƙarƙashin tambarinsa, wasu kuma suna rubuta Music. Asalin abin wata doka ce da Amurka ta yi a 1992, wadda ta sa a riƙa cire wa masu waƙa wani kaso daga kuɗin irin wannan faifai, aka kuma ƙera na'urorin gida su duba wata alama a jikinsa kafin su yarda su ɗauka. Da Philips ta fito da rikodarta ta gida a 1997 a kan wannan tsari ta zo. Na'urorin situdiyo irin na kamfanin Tascam ba ruwansu da wannan sharaɗi, kowane faifai suna ci. Yau a Jos samun faifan Digital Audio sai an sha yawo, don haka wanda bai riga ya saya ba, ina ba shi shawara ya ƙara kuɗi ya ɗauki ta situdiyo.

Haɗin kansa ba wuya. Waya mai baki biyu, ja da fari, daga mafitar na'urar kaset zuwa mashigar rikoda. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne kawar da wani gurnani mai kauri da nake ji a abin kunne tun kaset bai fara juyawa ba. Gurnanin wutar lantarki ne, kuma ya ragu sosai da na sa na'urorin biyu a kan soket ɗaya, na raba wayar sauti da wayar wuta, na matsar da taransifomar can gefe. Wayar salula ma sai da na fitar da ita daga ɗakin, domin kafin kira ya shigo takan jefa wata ƙara a cikin sautin, kuma duk abin da ya shiga faifai ya zauna ke nan.

Kowane kaset kafin ya shiga na'ura nakan karya 'yan haƙoran da ke samansa, yadda ko an danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ba zai gogu ba. Sai in wulwula shi har ƙarshe in dawo da shi, zaren ya saki jiki. Hed, wato kan da ke karanta zaren kaset, da robar da ke jan zare nakan goge su da auduga da sifirit bayan kowane kaset biyu ko uku, don tsohon zare yana zubar da wani jan gari da ke dusashe murya. Wanda na ga fumfuna a jikinsa ban sa shi ba, na ware shi na kai wa Baba.

Wurin da na fi daɗewa shi ne daidaita ƙarfin sauti, kuma nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Kaset yana da haƙuri, idan sauti ya ɗan wuce gona da iri yakan shanye. Faifai ba ya shanyewa. Na'urar tana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, tana mai da kowane awo lamba, kuma lambar tana da iyaka. Iyakar ita ce sifirin da ke ƙarshen mitar da ke nuna ƙarfin sauti a jikin rikodar. Sauti ya kai can sai a yanke masa kai, ka ji murya tana tsagewa. To a tafsiri murya uku ce. Akwai ta malam, wadda take ƙasa-ƙasa, musamman da ya manyanta. Akwai ta mai jan baƙi, wanda idan ya ɗaga sai masallaci ya amsa. Akwai kuma kabbarar jama'a idan malam ya kawo wani abu da ya ratsa su. Wanda ya daidaita mita da muryar malam zai ga ta buga ja da zarar alaramma ya ja aya. Don haka nakan nemo wurin da ya fi ƙarfi a kaset ɗin, yawanci kabbara, in juya maɓalli har ta riƙa tsayawa wajen 6 ƙasa da sifiri, sannan in mayar da kaset farko. Muryar malam takan ɗan yi ƙasa a haka, amma mai sauraro yana iya ƙara rediyonsa, ita kuwa muryar da ta tsage ba ta da magani.

Na fara gwaji da CD-RW, kuma ina ganin kowa ya kamata ya yi haka. CD-RW kamar allo yake, a rubuta a wanke a sake, CD-R kuwa takarda ce da tawada. Sai dai da na kai wa kawuna faifan gwajin ya sa a motarsa, rediyon ya ƙi karantawa. CD-RW bai fito ba sai a 1997, kuma hasken da yake mayarwa bai kai rabin na faifan gama-gari ba, tsofaffin na'urori ba sa ganinsa. Saboda haka wanda za a raba wa jama'a a yi shi a CD-R.

Faifai minti 80 yake ɗauka, wasu 74. Yawancin kaset-kaset ɗin kakanmu C90 ne, minti 45 kowane gefe, ka ga biyun ba za su shiga faifai ɗaya ba. Na zaɓi in ba kowane gefe faifansa, ko da rabin wurin zai tafi a banza, maimakon in yanke karatu a tsakiyar aya. Ɗauka daga kaset kuma ba a yi masa sauri, minti 45 na kaset minti 45 ne na zama. Rikodar tana da tsarin raba sautin kashi-kashi da kanta duk inda ta ji shiru, amma na kashe shi. A wasu kaset shuuu ɗin zaren ya hana ta jin shirun, a wasu kuma duk numfashin da malam ya ja sai ta buɗe sabon kashi, alhali faifai ba ya wuce kashi 99. Na riƙa zama da Alƙur'ani a buɗe a gabana, duk inda aka shiga sabuwar sura ko sabon maudu'i in danna da hannu. Wannan zama ya yi mini amfanin da ban zata ba. Ina yaro lokacin da yake wannan karatu, sai ga shi na saurare shi daga Baƙara har inda kaset ya tsaya, ina jin tarinsa da yadda yake gyara wa alaramma da taushin murya.

Sai maganar wuta, wadda ita ce babbar barazana. Idan an gama ɗauka faifan bai zama faifai ba tukuna. Rikodar tana ajiye jerin kashe-kashen ne a wani wurin wucin gadi, kuma na'urar sauraro ta gama-gari ba ta iya karanta shi. Sai an danna Finalize ta rubuta cikakken jadawali a farkon faifan, can kusa da ramin tsakiya inda kowace na'ura take fara karatu. Minti kaɗan yake ɗauka. Wata rana aka ɗauke wuta ana tsakiyar wannan rufewar, faifan ya tashi daga aiki, sai da na sake zaman daga farko. Tun ranar ban ƙara ɗauka ba sai a kan UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, mai cikakken caji. Na'urorin biyu ba su da cin wuta, ƙaramin UPS yana isa ya kai ka ka tsayar da ɗauka cikin natsuwa. Ƙaramin janareta kai tsaye ban yarda da shi ba, wutarsa tana hawa tana sauka duk lokacin da wani ya kunna ayan. Idan dole ne, a sa sitabilaiza a tsakani, shi kuma injin ya zauna a waje nesa da taga saboda hayaƙinsa yana kashe mutum a ɗaki rufe.

Yanayin Jos yana da nasa sharuɗɗa. Da damina, da na ji hadari ya taso da tsawa nakan tsaya in zare filogi daga bango gaba ɗaya, don kashe maɓalli ba ya tare tsawa idan ta biyo waya. Da hunturu kuwa ƙura ce da raɓa. Idan na'ura ta kwana a wuri mai sanyi aka shigo da ita ɗaki mai ɗumi, danshi yakan kwanta a idon da ke karanta faifai, sai ta riƙa cewa babu faifai alhali yana ciki. Maganinsa a cire faifan, a bar ta a kunne awa ɗaya ko biyu. Kaskon gawayi ma ba na yarda a shigo da shi inda nake aiki, hayaƙi yana dusashe idon. Idan na gama in rufe ta da zane, amma tana aiki ba a ɗora mata komai, ramukan shan iskarta su kasance a buɗe. Teburin kuma ya zama mai ƙarfi, ba a kan lasifika ba, domin bugu ɗaya ana cikin rubutu yana iya karkatar da hasken.

Ɗan yayana, wanda yake taya ni, ya taɓa cewa, "Kawu, mu buɗe murfin mu ga yadda take rubutun mana." Na maimaita masa abin da Baba ya gaya mini. Hasken lezar da ke ciki ido kusan ba ya ganinsa, saboda haka mutum ba zai ƙifta ko ya kau da kai ba yayin da yake yi masa illa. Kuma lokacin rubutu ƙarfinsa ya ninka na karatu sau da yawa, tunda ƙona rinin da ke cikin faifan yake yi. Muddin murfin yana rufe babu haɗari. Ko bayan an zare wuta akwai sassan da ke riƙe caji a ciki. Duk abin da ya shafi buɗewa, har goge idon, na bar wa mai gyara. Faifan da ya tsage ko wanda aka manna wa takarda shi ma ba ya shiga, yana iya maƙalewa ko ya tarwatse a ciki.

Mutane suna lallaɓa gefen faifai mai sheƙi su yi sakaci da samansa, alhali karatun ya fi kusa da saman. Kaurin faifai milimita 1.2 ne, kusan dukansa roba ce ta ƙasa, rini da azurfar suna can sama ƙarƙashin ɗan siririn fenti. Biro yana iya huda shi. Da maka mai taushin baki nake rubuta sura da lambar kaset. Idan ya yi datti a goge daga tsakiya zuwa baki da ƙyalle mai laushi, kada a bi zagaye. Rana kuma tana cinye rinin, don haka na gargaɗi masu motoci kada su bar shi a gaban gilashi.

Daga kowane gefen kaset na ajiye faifai ɗaya a matsayin uwa, ba a sauraronsa, yana tsaye a cikin kwalinsa a kabad. Daga shi na kwafe wa Gwaggo da sauran dangi. Na kuma zuba dukansu a kwamfuta a tsarin WAV, wanda ba ya rage komai daga sautin, na ba ƙanena da ke Abuja kwafi ɗaya a rumbun ajiya, domin kada duka su kasance a gida ɗaya. CD-R ma yana tsufa, musamman mai araha, shi ya sa kafin kowane azumi nakan ciro wasu daga cikin uwayen in sa su in tsallaka zuwa kashin ƙarshe, tunda bakin faifai ne yakan fara nuna lalacewa. Wanda na ji yana sarƙewa sai in sake buga sabo daga kwamfuta.