Yadda ake saita matsin boris a difarensha ta mota mai ja da ƙafa huɗu

Borisan da ke cikin difarensha, wato akwatin giyar da ke raba juyi ga tayoyi biyu, masu siffar mazurari ne, kuma ba a barin su sake. Dole a matse su kaɗan tun kafin nauyi ya hau kansu, domin idan finiyan (ƙaramin giyan da ke kawo juyi) ya tura kirawun (babban giya mai kama da zobe) da ƙarfi, kowanne ya tsaya a inda aka ajiye shi. Matsin iri biyu ne: na borisan finiyan, da na borisai biyu da ke riƙe da ƙwaryar da kirawun yake ɗaure a jikinta. Ba a gane shi da taurin noti. Ana auna ƙarfin da ake buƙata a juya finiyan ne, da ƙaramar sifanar awo mai allura ko mai agogo. Wadda ke yin ƙara idan ta kai ba ta da amfani a nan, don ƙarfin bai wuce N·m (ma'aunin ƙarfin juyi) biyu zuwa uku ba.

Da finiyan ake farawa, bayan an daidaita zurfinsa, kuma ƙwaryar tana waje. A shafa wa borisan man giya, a ɗaure notin finiyan kaɗan-kaɗan, ana juya finiyan sau da yawa tsakanin kowane ɗauri don borisan su zauna. A difarensha mai kirawun inci 8 ta tsofaffin Toyota Hilux masu silinda huɗu, sabon boris yana son N·m 1.9 zuwa 2.6, wanda aka riga aka yi aiki da shi kuma 0.9 zuwa 1.3. A duba littafin motar da kyau, domin wani kamfani ƙarfin fara juyawa yake nufi, wani kuma ƙarfin da ake gani finiyan yana cikin juyawa.

Yawancin motoci suna da wani ɗan bututu tsakanin borisan biyu wanda ke lanƙwashewa idan ana ɗaure notin. Da farko yana taurin kai, amma da zarar girgiɗin ya ƙare, ɗan juyi kaɗan ya isa ya wuce da kai gona da iri. In hakan ta faru, kada a sassauta notin a ce an gyara. Bututun ya riga ya gajarce, ba zai dawo ba, sai dai a kwance a sa sabo. Motar da ke hawan duwatsu da manyan tayoyi, gara a sa mata bututu mai ƙarfi da siraran washa na awo. Aikin ya fi cin lokaci, amma bugu ba ya sassauta shi.

Matsin borisan ƙwarya shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ne ke cinye haƙora. Idan aka sa ƙaramin giya, taya ta kafe a laka ko dutse, finiyan ƙoƙarin ture kirawun gefe yake yi. In borisan na sake, kirawun sai ya ja baya, nauyin ya koma bakin haƙori maimakon tsakiyarsa, daga nan sai ɓallewa.

Kafin a cire murafun da ke danne borisan ƙwarya a yi musu alama, don ba a musanya na dama da na hagu, ba a kuma juya su. A irin ta Toyota akwai noti mai ramuka a kowane gefe. A ɗaure kusoshin murafun da hannu tukuna. Notin da ke bayan kirawun yana tura shi wajen finiyan ya rage tazarar da ke tsakanin haƙoransu, na ɗaya gefen yana ƙara ta. A kafa agogon awo a kan haƙori, a nemi kusan milimita 0.2, sannan a matsa notin ɗaya gefen har girgiɗin gefe-da-gefe ya ɓace ƙurmus. Daga nan a ƙara ɗaure shi rami ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A sake auna tazarar a wurare uku ko huɗu a kewayen kirawun, ta zauna tsakanin milimita 0.13 da 0.18. In ta kauce, a sassauta noti ɗaya a ɗaure ɗayan da adadin ramuka daidai wa daida, matsin ba zai canja ba. Bayan an ɗaure murafun a N·m 78, a sake juya finiyan da sifanar awo: ya kamata ya ɗara awon farko da N·m 0.4 zuwa 0.6. In bai ɗara ba, babu matsi, ko me hannu ya ji.

Difarensha ƙirar kamfanin Dana, wato Dana 44 da Dana 60, ba su da waɗannan notoci, siraran washa ake amfani da su. Ana fara nemo kaurin da zai kashe girgiɗin, a raba shi gefe biyu yadda tazarar za ta faɗa tsakanin milimita 0.15 da 0.25, sannan a ƙara abin da littafin ya ce don matsi. Saboda haka ƙwaryar ba za ta shiga da sauƙi ba. Wadda ta zame ciki da hannu kawai, sake take. Ana buɗe gidan difarensha da na'urar buɗawa, agogon awo yana kai, kada a wuce milimita 0.38, kuma a saki na'urar da zarar ƙwaryar ta zauna, in ba haka ba gidan yana iya lanƙwashewa har abada. Inda washan suke ƙarƙashin boris, a ɗan goge cikin tsofaffin borisai su riƙa shiga da fita da hannu lokacin gwaji, sabbin sai a ƙarshe.

Daga nan a shafa fentin gwaji a haƙora, a juya gaba da baya ana ɗan riƙe kirawun, a ga tambarin ya zauna a tsakiyar haƙori ta fuska biyu. Kukan da ke fitowa idan an ɗaga ƙafa daga totur, tare da yoyon mai a sil ɗin finiyan, yawanci alamar finiyan ya sake ne. Matsi ya yi yawa kuwa zafi yake kawowa, boris ya koma shuɗi, man ya yi ƙauri. Sabbin haƙora suna son gajerun tafiye-tafiye da hutu a tsakani, ban da jan kaya, sannan a canja man giya bayan kilomita 800.