Girman baki ba shi ne ƙarfin bayis ba

Na daɗe ina faɗa wa yaran shagona haka, amma mai aikin ƙarfe ba ya yarda sai ya gani da idonsa. Shi ya sa na shirya gwaji tsakanin bayis biyu, wato matsen ƙarfe mai riƙe aiki, da ke kan bencina: tsohon Record lamba 3, ƙirar Sheffield ta Ingila, mai baki inci 4, wanda na saya na hannu a Panteka, da wani sabo na kas, wato ƙarfen zubi, mai baki inci 6, mai juyawa a gindi.

Tunda ba ni da na'urar awon matsi, sai na ciro ƙwallo daga tsohon boris, na yanko guntayen alminiyam daga faranti ɗaya. Idan aka matse ƙwallon a jikin alminiyam yakan bar rami, faɗin ramin kuwa shi ne shaida. Don kada a ce hannun wani ya fi na wani, na rataye jarkar ruwa ta lita 20, wato kimanin kilo 20, a jikin sandar murɗa bayis, a santimita 20 daga tsakiyar sukuru, na riƙa gyarawa har sandar ta tsaya a kwance.

Ramin da tsohon ya yi ya fi faɗi, a fili. Yaran suka yi tsit.

Lissafin ba wuya. Zagaye ɗaya na sandar kusan santimita 126 ne, bakin Record ɗina kuma yana matsowa kamar milimita 5 kacal. Ninki 250 ke nan, wato a takarda kilo 20 zai zama tan 5. Amma kaso mafi tsoka yana ƙarewa a gugar tiredi, wato haƙoran sukuru, da noti, da inda wuyan sukuru ke goge jikin bayis. Wannan gugar ce ma ke hana shi kwancewa da kansa in ka saki hannu. Sabon kuwa tiredinsa ya fi faɗin taku, ga kaushi, ga shi a bushe. Da na warware shi sai ga yashin zubi a cikin notin, baƙi ƙirin a yatsana. Na wanke da kananzir, na shafa giris har wuya, na sake ratayewa. Ramin ya ƙaru sosai, ko da yake bai kamo na tsohon ba.

Abin da ya fi damuna shi ne bakinsa na motsi yana ɗagawa in an matsa, sai kamun ya koma gefe ɗaya. Ƙarfin yana nan, amma fayif yana zamewa in ana yanka da zarto. Gindin mai juyawa ma yakan yi rawa in an sa guduma.

Tun daga nan na hana yara zura fayif a sandar don ƙarin ƙarfi. Kas ba ya lanƙwasawa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi farat ɗaya, kuma waldarsa ba ta cika riƙewa ba. Yanzu duk aikin lanƙwasa rodi da cire bushin yana kan tsohon, babban kuma na bar shi ga riƙe faffaɗan aiki lokacin goga da fenti.