Sana'ar harhaɗa mota a gida: daga bututun ƙarfe zuwa lamba

A Ingila akwai wani reshe na sana'ar mota da ba a cika jin labarinsa ba. Mutum zai sayi firam da bodi a wargaje, ko ya yi waldar firam ɗin da kansa, ya ciro inji da giya daga tsohuwar mota, ya ɗaura. Tushen abin Lotus Seven ce, wadda Colin Chapman ya fitar a 1957. A lokacin mota haɗaɗɗiya tana da harajin saye, wadda aka sayar a wargaje kuwa ba ta da shi. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙirar, kuma har yau yana ƙera ta. Masu ƙaramin ƙarfi suka kwaikwayi siffar, ana kiran tasu Locost.

Irin waɗannan motoci ne abincin ƙaramin garejinmu. Sai dai yawancin aikin da ke shigowa ba sabo ba ne. Mota ce da wani ya fara da zafinsa, ta tsaya a kan taya, sannan ta shekara a lulluɓe. Irin wannan ba ma yanka mata kuɗi a baki sai mun cire bodi mun auna firam, domin abin da ke cin kuɗi yana can inda ido ba ya kaiwa.

Firam ɗin bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, milimita 25 faɗi, kaurin bangonsa milimita 1.6, sai na milimita 19 a wuraren tokare. Kafin a yanka ko ɗaya ana kafa teburin aiki da katako mai tsawon mita 2.44 da faɗin 1.22, a daidaita shi ya kwanta sosai, a ja layi a tsakiyarsa. Duk awo daga wannan layin yake tashi. Ana jera bututun ƙasa, a danne su da ƴan katakai, a ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kowace mahaɗa. Ba a cika walda sai firam ya tashi gaba ɗaya an auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma bambancin hagu da dama bai wuce milimita 2 ba.

A nan ne mafi yawa suke ɓata aiki. Walda tana jan ƙarfe idan tana hucewa. Wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya koma ɗayan zai tarar firam ya murɗe, kuma murɗaɗɗen firam babu alaimen ɗin da zai gyara shi. Ana yi ne ana tsallakawa: mahaɗar hagu, takwararta ta dama, gaba, baya, a bar shi ya huce. Injin walda mai waya da gas muke amfani da shi, waya milimita 0.8. Waldar sanda tana huda bututu mai wannan kauri, kuma waldar da aka cike rami da ita kyan gani kawai gare ta.

Kunnuwan da hannayen taya ke ɗaurewa a kai sun fi komai son natsuwa. Ba a kafa su da tef da ido, sai da ma'auni na ƙarfe da zai riƙe dukkansu a wuri ɗaya. Hannun sama na tayar gaba dole ya ɗan koma baya fiye da na ƙasa, kwanciyar ta kai digiri 5 zuwa 6. Idan ta gaza, sitiyari ba zai riƙa komowa tsakiya da kansa ba bayan an sha kwana, kuma wannan kaɗai ya isa a kayar da mota a gwajin hukuma da ake yi kafin ta hau titi. Su hannayen da kansu bututu marar ɗinki ake yi da su.

Da can Ford Escort ake yankawa don ciro inji da giya, daga baya Ford Sierra. Yanzu duk sun yi wuya sun yi tsada, an koma Mazda MX-5, ƙirar 1989 zuwa 2005. Tsatsa tana cinye mata gefen ƙasa har ta faɗi gwajin shekara, alhali inji da giya da aksul lafiyarsu lau. Shawararmu kullum ita ce a sayi mota sukutum mai tashi, da takardunta, kada a tsinci kaya ɗaiɗai. A tuƙa ta tukuna a ji giya da kuloci. Wajen kwancewa kowace soket a manna mata suna kafin a zare, kuma makulli da ƙwaƙwalwar inji da na'urar hana sata su zauna tare, don idan aka raba su inji zai yi ta juyawa ba ya kamawa. MX-5 tana kusan tan ɗaya, motar da za a haɗa kuwa wajen kilo 600, shi ya sa injin 1.8 da ba a taɓa shi ba ya wadatar har ya yi yawa ga sabon hannu.

Tsarin aiki yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Inji da giya da sitiyari da fedoji duk a gwada su a kan firam tsirara, a gama duk wata walda, sannan a kwance a kai fenti. Bayan fenti sai layin birki, layin mai da wayoyi su bi ta ramin tsakiya, tun ana iya sa hannu. Falankin alminiyam na gefe su ne kusan ƙarshe: kauri milimita 1.2, a shafa gam mai danƙo a kan bututu, a buga ribit duk bayan milimita 50. Gam ɗin yana hana kwaramniya, yana kuma raba alminiyam da ƙarfe don kada su ci juna.

Layin birki bututun jan ƙarfe mai gaurayen nikel ne, milimita 4.75, a kama shi da kilif kada tazara ta wuce milimita 300. Ba a ɗaure waya a jikinsa ko a jikin layin mai. Galibi babu wurin tukunyar iska mai taimaka wa birki, don haka ana sa masta, wato famfon man birki, mai ƙaramin baki, kamar milimita 19, a tsawaita fedal ƙarfin ƙafa ya ninka sau biyar zuwa shida. Babbar matsalar ita ce birkin baya ya fi ƙarfin mota, tayoyin baya su kulle kafin na gaba, motar ta juya. Bawul mai rage matsin baya yana magance wannan.

Sanyaya inji ma yana da nasa. Lagireton Volkswagen Polo ne ke shiga hancin motar, amma dole a toshe gefensa da falanki don iska ta ratsa shi maimakon ta zagaye. Tankin ruwa ya zama shi ne mafi tsayi a layin, in ba haka ba iska ta maƙale a kan inji, agogo yana nuna lafiya ruwa yana tafasa. Injin MX-5 kuma ruwansa ta gaba yake shiga ta gaba yake fita, silinda ta huɗu tana shan zafi, shi ya sa da yawa suke mayar da mafitar ruwan baya. Tiyon mai kuma a sa mai jure etanol, tunda daga Satumba 2021 fetur na yau da kullum a Birtaniya E10 ne, yana tsattsaga tsohon tiyo.

Wayarin abu biyu ne. Idan za a rage wayoyin tsohuwar mota, a cire ɗaya a tayar da inji a ga yana tashi, sannan a cire wata. Na biyu, hanci da madigadi da bayan motar faiba ne, ba ya ɗaukar wuta, don haka kowace fitila sai an ja mata wayar nagetif zuwa firam. Sigina da ke sa fitilar birki ƙyaftawa, kusan kullum daga nan ne.

Kafin mota ta hau titi sai ta ci gwajin IVA na DVSA, hukumar gwajin motoci ta Birtaniya, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009. Mai gwaji yana bin jikin mota da ƙwallon awo, duk bakin da ƙwallon ya taɓa dole ya zama a dakushe, lanƙwasarsa ta kai milimita 2.5, ƙasan dashbod kuwa 19. Kan noti, bakin salansa, makunnin fitila, duk suna kayar da mota, kuma ƴan hulunan roba masu arha ne maganinsu. Ƙarar salansa kada ta wuce desibel 99. Agogon gudu ba a yarda ya nuna ƙasa da ainihin gudu ba. Hayaƙi kuma da shekarar inji ake auna shi: injin da aka yi daga Agusta 1995 sai da katalis, na'urar tace hayaƙi a salansa, wanda ba shi da shaidar shekara kuma a ɗora masa ma'auni mai tsanani. Hotunan aiki da rasit a adana tun ranar farko, kuma a faɗi gaskiyar wanda ya haɗa motar, don ajin wadda mai ita ya yi da hannunsa daban da wadda gareji ya yi. Lamba daga DVLA, hukumar rajistar motoci, take fitowa. Sabon firam da manyan sassa biyu daga mota ɗaya mai takarda suna ba da lamba mai shekarun tsohuwar motar, in babu shaida sai lamba mai harafin Q, wadda ake ba motar da ba a tabbatar da shekarunta ba.

Masu tambaya daga gida ko za a iya yin irinta a Kano ko Kaduna: hannun walda akwai shi, amma ƙirar sai an sauya. Sitiyari ya koma hagu, tunda Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972. Lagireto ya fi na Polo girma. Kaskon man inji kuma da ke tashi kamar milimita 100 daga ƙasa ba zai tsallake tudun rage gudu ba, sai an ɗaga motar an sa masa faranti.

Bayan an samu lamba akwai sauran aiki. Iskar taya tana komawa PSI 18 zuwa 20, domin iskar babbar mota tana sa wannan tsalle-tsalle. Sifirin yakan zauna a makonnin farko, sai a sake auna tsayi da alaimen, a bi kowane noti na ƙafa da na farfela da sifana, a ɗiga masa fenti don in ya motsa a gani.