Ƙwan da Inna ta yarda ta ci

Tun da Inna ta tashi daga zazzaɓin watan jiya bakinta ya ƙi komai. Koko ta ture, farfesu ta ce ƙamshinsa na tayar mata da zuciya. Ƙanin maigidana da ke zuwa sarin kaya Gwanzu shi ya ba ni labarin wani turararren ƙwai mai zaƙi da ake sayarwa a ƙananan kwanoni can kudancin Sin da Hong Kong, wanda suke ce wa dun dan. Ya ce har maras haƙori na shansa.

Kayan haɗin duk akwai su nan gidanmu a Ƙofar Ƙaura: ƙwai 2, madara kofi 1, wajen mililita 250 ke nan, da sukari cokali 2. Na ɗumama madarar sukarin ya narke, na bar ta ta huce, sannan na kaɗa ƙwan a hankali na haɗa. Na tace da rariyar shayi sau biyu, na kwashe kumfar, na zuba a kofunan tangaran.

A wuta na yi kuskure ranar farko. Na cika kurfoti da garwashi kamar mai dafa alala. Da na buɗe madambaci sai ga shi duk huji-huji kamar saƙar zuma, ruwa kwance a ƙasa, ga ƙarni. Raina ya ɓaci ƙwarai, don Inna na zaune tana jira. Ashe ƙwai kan daskare tun kafin ya kai zafin tafasa, in wuta ta yi yawa sai ya tamke ya matse ruwansa waje.

Washegari na rage garwashin, na kife ƙaramin faranti a kan kowane kofi don kada gumin murfi ya ɗiga ciki, na ɗan ɗaga murfin da cokali. Na kuma matsa ruwan ɗanyar citta kaɗan, shi ya kashe ƙarnin. Minti 15 na sauke. Samansa sumul, tsakiyar na ɗan rawa kamar kindirmon da ya kwana a ƙwarya.

Inna ta kai cokali ɗaya, ta yi shiru, ta ƙara. Ina durƙushe har ta sauke kofin babu komai ciki.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Gobe ki gwada da ƙwan zabi."

Na ce, "To Inna." Damina ce, ana samunsa a kasuwa, sai dai tunda ƙanana ne 3 zan fasa.