Ƙafa a kan keke, kunne a wajen karatu

Da na baro ƙauyenmu na yankin Batsari a 2021, bayan ɓarayin daji sun hana mu noma, abin da na ɗauko bai wuce kan keken ɗinkina da jakar tufafi ba. Na bi ta Jibiya, na wuce Ɗan Isa, kafin la'asar ina Maraɗi. Garin Katsinawa ne, sarkinsu ma Sarkin Katsina ake ce masa, don haka na ɗauka ba zan yi baƙunta ba. Ashe da sauran aiki.

Lissafin kuɗi na kama shi cikin mako guda: dala sefa biyar ce, jaka sefa dubu. Awo da santimita maimakon inci, shi ma hannu ya saba. Lambar waya ce ta ɗaure mini kai. Mutum zai yi ta zuba Hausa da kai tiryan-tiryan, da ka ce ya ba ka lambarsa sai ya juye Faransanci, bibbiyu bibbiyu. A Faransanci kuwa 96 sai an ce huɗu sau ashirin da sha shida. Ranar da wani ma'aikaci ya kawo mini shadda, haka na rubuta 4, 20, 16 a littafin awo. Na gama kaftanin, na yi kwana tara ina kiran lambar da babu ita.

Wani yaro mai tura waƙoƙi a memori kusa da babbar kasuwa shi ya sa mini darussan da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya naɗa: ya faɗi lamba da Faransanci, ya dakata, ya faɗa da Hausa. Tela hannunsa da idonsa na kan aiki, kunnensa ne kawai ba shi da abin yi. Ina taka keke ina maimaitawa.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba Faransanci ba ne. A gida ina ɗaukar Ahalari, littafin fiƙihu, a zauren malaminmu, mun kai daidai babin ƙabli da ba'adi aka tarwatsa garin, kowa ya kama gabansa. Na ce wa yaron ko yana da karatun littafin. Yana da shi, cikakke. Daren da na kunna, na ji malamin yana jan Larabci yana fassarawa kalma-kalma irin na zaure, har da tarin almajirai da carar zakara a bayansa, wallahi sai da na yi hawaye a kan tabarma. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, iyalina suna Katsina, wannan murya da karatun Alƙur'ani na Warshu su suka riƙa raka ni har barci ya ɗauke ni.

Akwai wani dattijo mai sayar da zare a gefen shagon. Ya daɗe yana jin ina bin karatun, bai ce uffan ba. Ran nan ya leƙo.

"Yaro, maimaita wurin nan."

Na maimaita. Ya girgiza kai.

"Wata nawa kana faɗin sa hakanan? Malamin cikin akwati kai kake jin sa, shi ba ya jin ka."

"Baba, to ina zan sami mai ji?"

"Ka zo da littafinka bayan asuba."

Yanzu da dare nake sauraron babin da zan ɗauka, inda na kasa ganewa in ja masa layi da alli na ɗinki, da asuba in kai wa Baba. Mun sauke Ahalari, mun shiga Iziyya. Ma'aikacin nan kuma ya dawo da yadi biyu kafin sallah, na karanta masa lambata da Faransanci, ya danna, wayar ta yi ƙara a aljihuna.