Godiya Ga Duk Wanda Ya Halarci Zaman Duba Shirinmu Na Damina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi zama lafiya an tashi lafiya, kuma labarin da ya iso mana shi ne kowa ya koma gida ƙalau, har da waɗanda suka taso tun da asuba daga can yankin Guri da Kirikasamma. A madadin 'yan uwana da muka haɗu muka kira wannan zama na duba shirinmu kan ambaliya da sauran haɗurra a kwarin kogin Haɗeja, ina miƙa godiya. Saƙon zai ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri. Waɗanda ba su samu zuwa ba ne suka roƙa a gaya musu abin da aka tattauna, kada a tsaya a jero manyan baƙi.

Da iyayen ƙasa zan fara: hakimai, dagatai, bulamai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Kun zauna har bayan la'asar kuna sauraron talakawanku suna faɗin abin da ba shi da daɗin ji, ba wanda ya tashi. Ɗaya daga cikinku ne ma ya buɗe ƙofa da kansa, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kowa ya faɗi abin da babu a garinsu. Daga nan bakin mutane ya buɗe.

Abin da ya tara mu ba ɓoyayye ba ne. A daminar 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare mutane suna barci. Wata guda bayan haka tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, sama da mutum 150 suka rasu. A ƙarshen Mayun 2025 kuma Mokwa ta jihar Neja ta ga nata, tun damina ba ta kankama ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Don haka tambaya ɗaya muka ajiye a gaban kowane mai magana: in abin ya zo yau da ƙarfe biyun dare, me ke hannunku, me kuma babu?

Mun gode wa injiniyoyin ruwa da malaman jami'a da suka sauko da bayani daidai fahimtarmu. Sun tuna mana cewa kogin nan daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa yake, ya biyo ta Wudil da Ringim da Miga da Auyo kafin ya iso mu, ya wuce fadamun Nguru, ya haɗu da na Jama'are ya nufi tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani kamar da. Noman rani ya amfana, wannan ba musu. Amma ciyawar kachalla ta samu abin da take so, ta cika hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, kogi ya rasa zurfi. Shi ya sa ruwan da a da zai wuce abinsa, yanzu sai ya tsaya ya kumbura ya nemi gona da gari. Da yawa cikinmu kan ce "an sako dam" duk sa'ad da ruwa ya ƙaru. Injiniyoyin sun ce a riƙa haɗawa da ruwan markar Agusta da ke gangarowa daga rafukan da ba dam a kansu, da kuma toshewar da ke bakin ƙofarmu.

Godiya ta musamman ga sarakunan ruwa da masunta, don gaskiya su suka juya zaman. Wani dattijon sarkin ruwa, da hannunsa duk kantar igiyar koma, ya bayyana yadda yake kafa sanda a gaɓa, ya yi mata tsaga, ya duba da magariba ya sake dubawa da asuba. In ruwa ya haye tsaga biyu a dare ɗaya, ya yi ja, ya fara kawo karan dawa da kumfa daga sama, ya san abin da ke tafe. Da aka tambaye shi wa yake gaya wa, sai ya ce iyalinsa da maƙwabta. Ba wanda ya taɓa ba shi lambar da zai kira. Ɗakin ya yi tsit. Ruwan da ya wuce Wudil kwanaki yake ɗauka kafin ya iso ƙasan Haɗeja, kuma a kowane gari da ke bakin kogin akwai mai irin wannan sanda. Ga ilimi, ga waya a aljihun kowa, amma na sama bai san na ƙasa ba. A ganina wannan shi ne giɓi mafi girma da muka gano, kuma shi ne mafi arhar toshewa.

Su ne kuma suka warware mana maganar kwale-kwale. A takarda akwai jirage. A bakin ruwa kuwa na masunta ne, da su suke ci da iyali, wasu suna yoyo, kuma ba a taɓa zama an yi magana ba kan wanda zai biya in jirgin mutum ya fashe wajen kwashe jama'a. Rigunan kariya na ruwa kaɗan ne ƙwarai. Fitilar da za a yi tuƙin dare da ita ma sai ta waya. Sun ce ba sa ƙin ceto, ba su taɓa ƙi ba, amma a san da su tun rani, kada sai ruwa ya kai ƙirji a fara neman gidan sarkin ruwa.

Matasan jinga, Allah ya yi muku albarka. Kowa ya san yadda kuke kwana kuna cika buhu da ƙasa, ruwa na dukan ku, don kada gari ya tafi. Kokenku mun rubuta shi yadda kuka faɗa: buhunan da ake kawowa sukan iso bayan ruwa ya riga ya hau, sa'ad da ƙasar da za a ɗiba ta zama taɓo kuma mota ba ta iya shiga. Sai kuma maganar da ta ɗan ɗaga murya a ɗakin, wadda na ji daɗi da aka yi ta a fili. In wannan gari ya ɗaga jingarsa, ruwan ba ɓacewa yake yi ba, maƙwabci yake komawa. An sha samun saɓani a kan haka, har da zargin fasa jinga cikin dare. Wakilan garuruwan da ke fuskantar juna sun amince su zaga gaɓar tare kafin ruwa ya sauka, da dagatansu, a tsayar da inda za a tare da inda za a bar wa ruwa hanya. Ban ce an gama da wannan rigima ba, amma an zauna a tabarma ɗaya.

Iyayenmu mata, da farko kun ce ku saurare kuka zo yi. Da aka ware muku lokaci, sai ga shi kun fi kowa sanin abin da ke faruwa bayan an tsira da rai. Mu maza lissafinmu yakan ƙare ne a "an kai su makarantar firamare". Ku kuka faɗi abin da ke cikin makarantar: aji ɗaya gida da yawa, ban-ɗaki ɗaya ko babu, mace sai ta jira duhu, ba itacen girki don duk ya jiƙe, ga mai ciki wata tara ba ungozoma kusa. Wata inna ta amsa tambayar da jami'ai suka daɗe suna yi, wato me ya sa mutane ke ƙin tashi in an ce su tashi. Ta ce ba taurin kai ba ne. Rumbu ne da awaki. Wanda ya bar hatsin shekara da 'yan dabbobinsa ba mai gadi, ya san in ruwa bai ci ba wani zai ci. A nuna mata inda za ta kai awakinta da wanda zai tsare gari, ita za ta riga kowa fita. 'Yan sintiri da ke wurin suka ce wannan aikinsu ne, in an tsara da su.

Ardon da ya wakilci makiyaya ya ƙara da cewa tudun da mutanen gari ke gudu su hau, shi ne dai tudun da shanu ke komawa in fadama ta cika, kuma wasu burtalan an nome su. Gara a raba wurin tun yanzu. Wakilin masu buƙata ta musamman shi ma ya yi tambayar da ba mu da amsarta a lokacin: in sanƙira ya yi shela, kurma fa? Gurgu da tsohon da ba ya tashi, wa aka ɗora wa ɗaukarsu? Mun gode da kuka tuna mana. Masu unguwanni sun karɓi aikin sanin irin waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aikatan lafiya sun yi magana a taƙaice amma ta shiga. Bayan ruwa sai amai da gudawa, domin masai da rijiya sun haɗu, sai zazzaɓin sauro, sai saran maciji, tunda shi ma tudu yake nema. Abin da suke so a ajiye kusa kafin hanya ta yanke ba mai yawa ba ne: garin haɗa ruwan gishiri da sukari, sinadarin tsaftace ruwan sha, gidan sauro, da sanin asibitin da ke da maganin dafi. Kan gobara irin ta Majiya, inda sai da aka rarraba waɗanda suka ƙone zuwa asibitoci har na maƙwabtan jihohi, sun ce a yi rajistar masu ba da jini tun ana zaune lafiya. 'Yan kwana-kwana da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini sun roƙi limamai su riƙa faɗa a huɗuba cewa tankar da ta faɗi ba a matsarta, komai tsadar mai. Shugabannin direbobi sun yi alkawarin motoci in an kira su. Da aka ce wanda ya san lambar gaggawa ta 112 ya ɗaga hannu, hannayen ba su yi yawa ba. To ga ta nan, kyauta ce, a koya wa yara.

Jami'an ba da agajin gaggawa da na ƙananan hukumomi, mun san ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya zauna ana jero masa abin da bai isa ba. Kun saurara, kun rubuta, kun kuma faɗi naku ƙarancin ba kwana-kwana. Kun tuna mana cewa duk shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Bayanin yana nan. Aikin da ya rage namu ne na nan ƙasa: a ɗauko shi a mai da shi maganar da manomin shinkafa zai yi aiki da ita, ta rediyo da masallaci da kasuwa, da sunan garinsa a ciki. Injinan yashe kogi da ake gani suna aiki ma an yaba, an kuma roƙi a riƙa tambayar masunta inda toshewar ta fi muni.

Wani abu da ban so ba shi ne rashin ganin 'yan kasuwar hatsi da masu gidajen mai, alhali an gayyace su. Kujerarsu tana nan a zama na gaba.

Sauran godiya ga shugaban makarantar da ya ba mu ɗakin taro, da matan da suka yi girki tun safe, da samarin da suka ɗauko kujeru suka mayar, da 'yan matan da suka zauna suna rubuta duk abin da aka faɗa har hannu ya gaji, da bawan Allahn da ya ba da janareta da mansa ya ce kada a ambaci sunansa. 'Yan jaridar rediyo da suka zo, mun gode, a taimaka a maimaita shirin da dare lokacin da manoma suke gida. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba mu damina mai albarka.

Jerin lambobin waya na sarakunan ruwa da masu unguwanni, daga garuruwan sama zuwa na ƙasa, an fara haɗa shi a wurin, amma akwai garuruwan da ba su da wakili. Duk wanda garinsu ke bakin kogi kuma bai ga an zo wajensu ba, ya kai sunan mutum biyu masu waya ga dagacinsa kafin Juma'a mai zuwa. Za a karanta abin da aka rubuta a zaman a ƙofar fadar kowane hakimi, da Hausa, don wanda aka yi wa kuskure a maganarsa ya gyara kafin a miƙa wa hukuma.

Wassalam, a madadin masu shirya zama.