Talata a Tawa: ƙafar Baba mai haki

Da sassafe na fita sayo wa tumakinmu haki, don harawa ta fi ƙarfin aljihu a wannan rani. Dattijon da na saba saye a wurinsa yana zaune kan amalanke, kayan nasa rabi duk ƙarangiya. Kwana biyu ban gan shi ba.

Na ce, "Baba, lafiya kuka ɓuya?"

Ya ce, "Ɗana, ƙafar ce ta tashi, har da masassara."

Ya ɗage wandonsa na gani. Tundurmi ne. Fatar ta yi kauri, ta tsattsage, tsakanin yatsu ya jiƙe, ga ƙayar ƙarangiya maƙale ko'ina, don ba takalmi yake shiga daji. Ya ce tun yana saurayi ya taka sammu a gona. Ban yi masa gardama a gaban mutane ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

Sauro ne ke kawo ciwon nan. In ya ciji mai shi, sai ya kai ƙananan tsutsotsi jikin wani, su girma cikin hanyoyin ruwan jiki, su shekara shida ko fiye suna ɓata su. Sau da yawa tun ana yaro ake ɗauka, sai an girma kumburi ya fito, ko a ƙafa, ko gwaiwa ga maza. Ƙwayoyin ivermectin da albendazole da aka yi ta rabawa gida-gida suna kashe 'ya'yan tsutsar da ke cikin jini, su tsare na baya, amma ba su mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura. Abin da ya rage wa Baba shi ne wanki da sabulu kullum, a tsane tsakanin yatsu, a ɗora ƙafar kan matashi da dare. Kowane ɗan rauni na ƙaya ƙofa ce ga masassarar da ke kwantar da shi.

Nijar, ƙasar da aka tabbatar ta rabu da kurkunu a 2013, aka kuma tabbatar ta rabu da makantar kogi a 2025, bai kamata ta bar irin su Baba da zancen sammu ba.

Bayan la'asar na zaga kasuwa neman takalmin da zai shige shi, babu. Wani baduku ya ce in kawo Baba gobe ya auna ƙafar, zai ɗinka masa na fata mai maɗauri.